Kafin ka sayi ƙwayoyin bitamin a intanet, ga abin da Dakta Bjelakovic ya gano

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Facebook, da wuya ba ka ci karo da masu tallar ƙwayoyin antioksidan ba, wato sinadaran da ake cewa suna kare jiki daga tsufa da ciwon daji. To, shin suna aiki?

Wani likita ɗan ƙasar Sabiya, Goran Bjelakovic, ya bi diddigin wannan tambaya. A 2007, shi da abokan aikinsa sun wallafa bincike a mujallar JAMA, inda suka tattara sakamakon gwaje-gwaje 68 da aka yi a kan mutum 232,606. Ƙwayoyin ba su ƙara wa kowa tsawon rai ba. A gwaje-gwajen da suka fi inganci ma, mace-mace sun ɗan ƙaru a tsakanin masu shan beta-karotin, bitamin A da bitamin E.

A yau kwamitin ƙwararru kan rigakafi na Amurka yana ba da shawarar kada a sha beta-karotin ko bitamin E don kauce wa ciwon zuciya ko ciwon daji.

Wannan bai shafi ɗigon bitamin A da ake ba yara a asibiti ba, domin shi na magance ƙarancinsa ne, kuma yana ceton rai. Amma idan lafiyarka ƙalau, kuɗin ƙwayar nan gara ka sayi zogale, karas da gwanda. Idan kana zargin ƙarancin bitamin, likita za ka gani, ba mai talla ba.