Takin zamani da daidaiton ma'adinai a cikin abincin dabbobi

A wannan takarda, abin da muke nufi da "ma'adinai" shi ne sinadaran da tsiro ke sha daga ƙasa, sa'an nan dabba ta same su a cikin ciyawa: fosfor, potasiyom, kalsiyom, manyeziyom, sodiyom. Mun guji kalmar "gishiri" da gangan, domin ga makiyayi ma'anarta ba ta wuce gishirin lasa da kanwa ba. Shi kuwa "daidaito", gwargwadon kowane ɗaya ne in an gwada shi da ƴan'uwansa.

Ƙasar jigawa ta kudancin Nijar fosfor ne ya fi yi mata ƙaranci. Binciken INRAN da na cibiyar ICRISAT ta Sadore sun tabbatar da haka. Karan hatsi da ciyawar da suka fito cikinta, su ma haka suke, musamman da rani. Saniyar da ta rasa fosfor takan rame, ta jinkirta ɗaukar ciki, har a gan ta tana taunar ƙashi. Saboda haka takin fosfor gyara biyu yake yi, na gona da na dabba. Harawar wake ta fi nuna wannan: dama tana da kalsiyom da yawa, alhali abin da ake so a abincin shanu shi ne wajen kashi 2 na kalsiyom ga kashi 1 na fosfor. Sifa da fosfat na Tawa suna rage tazarar, ko da yake na Tawa ba ya narkewa da sauri.

Lamarin ure dabam ne. Azot kaɗai ke cikinsa, kashi 46 bisa 100. Ciyawa takan yi tsawo, ta yi duhun ganye, amma ɗan fosfor da ke ƙasa sai ya rarrabu cikin ganye mai yawa, kamar furar da aka cika wa ruwa. Dami ya ƙaru, abin da ke cikin kowane dami ya ragu.

Takin 15-15-15 kuma yana kawo potasiyom, wanda tsiro ke sha fiye da bukatarsa in ya samu. Yawansa na rage shan manyeziyom da sodiyom a saiwa, yana kuma hana tumbin saniya ɗaukar manyeziyom. A Turai wannan ne ke kawo ciwon sanƙarewa ga shanun tatsa da ke kiwo a sabon tsiro. A gonakinmu, inda taki kaɗan ake zubawa, haɗarin bai kai nan ba. Inda ya kamata a lura shi ne fadamu da wuraren ban ruwa da ake noman ciyawa, ana yanka ana ƙara taki.

A ganinmu, littattafan yaƙi da jahilci da ke fassara "engrais" da "abincin shuka" kawai sun rage bayani, domin suna sa a ɗauka duk taki ɗaya ne. Gara a ambaci kowane da sunansa da abin da ke cikinsa, a kuma faɗi cewa ba ɗayansu da zai maye gurbin gishirin lasa.