Agbayun, Ɗan Itacen da Yake Mayar da Tsami Zaƙi

Daga cikin abubuwan al'ajabi da Allah Maɗaukakin Sarki ya ajiye a kurmin Afirka ta Yamma, tun daga ƙasar Gana har zuwa Kwango, akwai wani jan ɗan itace wanda bai kai dabino girma ba, ƙwallo ɗaya gare shi, Yarabawa suna ce masa agbayun, masana tsirrai kuwa suka rubuta shi da sunan Synsepalum dulcificum. In mutum ya tauna shi ba zai ji wani zaƙin a-zo-a-gani ba, amma da zarar namansa ya game harshe, to, duk abin tsamin da ya biyo baya, lemon tsami ne, ko tsamiya, ko yakuwa, sai ya ji shi zaƙi rau, kuma haka al'amarin zai zauna wajen rabin sa'a zuwa sa'a guda kafin harshe ya koma ɗabi'arsa.

Mutanen kurmi sun san wannan tun kaka da kakanni, gama sukan tauna shi kafin su ci abincin masara da aka jiƙa har ya yi tsami, kuma a hannunsu ne wani matafiyi Bafaranshe, Des Marchais, ya gan shi a 1725. Amma sirrin abin bai bayyana ga ma'abota bincike ba sai a 1968, lokacin da Kenzo Kurihara da Lloyd Beidler suka tace sinadarin da ke cikinsa, wato mirakulin, a wata jami'a ta Fulorida. Bayaninsa shi ne, a kan harshen ɗan Adam akwai waɗansu ƙananan kafofi da aka halitta domin jin zaƙi kaɗai. Sinadarin nan sai ya laƙe musu ya yi tsit, kamar mabuɗin da aka zura a kwaɗo ba a murɗa ba, har sai tsami ya shigo baki ya sauya masa siffa, sa'an nan kafar ta aika wa ƙwaƙwalwa labarin zaƙi alhali ko ƙwayar sukari ba ta shiga ba. Masana na Jami'ar Tokiyo suka tabbatar da wannan da hujja a 2011.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya ya yi tadabburi, domin abincin bai sauya ba ko kaɗan, harshe ne kawai aka juya. Tsamin lemon yana nan da ƙarfinsa, zai dashe haƙori, zai tayar wa mai gyambon ciki da ciwonsa, ga shi kuwa an kawar da ɗan gargaɗin nan da yakan sa mutum ya yamutsa fuska ya ajiye. Duk da haka fa'idarsa ba ƙarama ba ce a ganina, musamman ga mai ciwon sukari wanda likita ya raba shi da zaƙi shekara da shekaru, da kuma masu ciwon daji waɗanda magani yakan ɓata musu baki har abinci ya riƙa yi musu ɗanɗanon ƙarfe, waɗanda aka jarraba shi a kan kaɗan daga cikinsu suka sami sauƙin ci.

Wani Ba'amurke, Robert Harvey, ya yi ƙoƙarin fitar da shi kasuwa a madadin sukari, sai hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke hukunci a 1974 cewa sai an yi masa dogon gwaji tukuna, kamfaninsa ya durƙushe. Tarayyar Turai ba ta halatta sayar da busasshensa ba sai a 2021.

Mai tambaya zai ce, fataken Hausa da suka yi ƙarnuka suna bin hanyar Gwanja, me ya sa suka kawo mana goro ba su kawo wannan ba? Abin da hankali ya fi karkata gare shi shi ne, goro yana jure tafiyar watanni a cikin ganye in ana yayyafa masa ruwa, agbayun kuwa kwana biyu ko uku bayan tsinka ƙarfinsa ya tafi, zafin wuta kuma yana kashe sinadarin, don haka ba ya shiga tukunyar kunu. Itacen kansa yana son laima da ƙasa mai tsami, ba ya yin 'ya'ya sai ya shekara uku ko huɗu, hunturunmu kuwa ba zai bar shi ya kai nan ba sai da inuwa da ban-ruwa.