Alƙawarin da Singafo Ta Yi wa Masu Waya

A watan Maris na 2020 gwamnatin Singafo ta fito da manhajar TraceTogether domin gano waɗanda suka yi cuɗanya da masu korona. Minista Vivian Balakrishnan ya tabbatar wa jama'a cewa bin sawun cutar kaɗai za a yi da bayanan. Mafi yawansu suka amince.

Kwatsam, a Janairun 2021, aka shaida wa majalisa cewa 'yan sanda na da hurumin karɓar bayanan, har ma sun taɓa amfani da su wajen binciken kisan kai. Ba binciken ne ya ƙona wa mutane rai ba, ɓoyewar ce. Wasu suka goge manhajar. A Fabrairu ala tilas majalisa ta taƙaita hurumin ga manyan laifuka iri bakwai.