Kallon Namun Daji a Yankari

Kakanninmu in za su shiga dawa, da kwari da baka su ke shiga, su komo da nama. Yanzu kuwa akwai wata irin tafiya da a ke kira safari. Kalmar Sawahili ce, asalinta Larabci, watau 'yar'uwar safara tamu. Mutum ya biya kuɗinsa, ya shiga daji cikin mota, ya fito ba abin da ya riƙo sai hotuna da labari.

Inda ya fi kusa da mu shi ne Yankari, cikin ƙasar Alkaleri ta Jihar Bauci. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga 'yan kallo a 1962. A 1991 ya shiga hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan a 2006 aka mayar wa Bauci abinta. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200.

To, abin da mu ke so 'yan'uwa su lura da shi, shi ne sha'anin lokaci, gama nan ne baƙi ke yin hasarar kuɗinsu. Da damina ciyawa ta kan shanye kan mutum, ko wane kwari da ruwansa, dabba ba ta da dalilin fitowa sarari. Sai a wuni ana yawo, ba a ga kome ba sai tsuntsaye. Amma in rani ya tsananta, tun daga ƙarshen Fabrairu har Afrilu, tafkuna duk sun ƙafe, ba sauran mashaya sai Kogin Gaji. Ƙishirwa ke koro su can, ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza, har giwaye garke guda. Su ma ba ko yaushe ba, sai da sassafe ko da la'asar sakaliya, don da tsakar rana suna kwance a inuwa. Maharbi ya san wannan tun tuni, shi ya sa ya kan yi kwanto a bakin ruwa. Ilminsa ɗan kallo ya ara, ya bar masa kibiyar.

Ba a shiga sai da ɗan jagora, ba a kuwa sauka daga mota sai ya yarda. Wannan doka ba wasa ba ce: giwa mai ɗa ba ta san baƙo ba. Giwayen nan kuwa sun sha wuya a hannun masu neman haure, manoman kewaye su ma suna kuka da su saboda ɓarnar gona. Zaki ya yi ƙaranci ainun, kada wanda ya sa rai da ganinsa.

A masaukin Wikki, gadu na kiwo har bakin ɗakuna, gwaggon biri kuwa ɓarawo ne sosai, wanda ya bar taga buɗe ya ba da guzurinsa sadaka. Gangare kaɗan akwai maɓuɓɓuga mai fitowa daga ƙarƙashin dutse, ruwa garau, ɗuminsa awo 31 dare da rana. Nan a kan wanke ƙurar hanya kafin magariba.