Ko Kun Sani? Tsibirin da Ruwan Sama Ya Yi wa Yawa

Ruwan saman da ke zuba a ƙauyen Ureka, a kudancin tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini, ya haura milimita 10,000 a shekara. Manomin gero a Aujara sai ya tara damina goma bai ga irinsa ba, abin mamaki! Aman wuta ne ya haifar da tsibirin, kuma ƙololuwar dutsen Basile ta wuce mita 3,000. Iska mai laima daga teku kan ci karo da duwatsun kudu, ta juye ruwanta a nan. Shi ya sa Malabo da ke arewa, inda Hausawa 'yan kasuwa suka daɗe da zama, ke samun wajen milimita 2,000 kacal.