Limaman Kirista da alƙalami a ƙasar Abzin

Garin Arlit, a jihar Agadas, ma'adini ne ya kafa shi. Kampanin Somaïr ya fara fid da ƙarfen yuraniyom a 1971, Cominak ta biyo baya a Akokan a 1978. Daga Cirozerin kuwa, Sonichar ke ƙona gawayin ƙasa tana ba su wutar lantarki. Cikin ma'aikatan da suka zo neman abinci akwai Kiristoci kaɗan, ƴan ƙasa da baƙi daga Benin da Togo da Burkina Faso. Tun 2001 majami'unsu na Katolika suna ƙarƙashin bishop na Maraɗi.

Limamin da aka turo irin wannan wuri, jama'arsa kaɗan ce, hanya doguwa, kaɗaici mai yawa. Biyu daga cikin magabatansa a hamada sun nuna yadda rubutu ke taimakon mai wannan aiki.

Na farko shi ne Charles de Foucauld, Bafaranshe, wanda ya zauna Tamanraset ta ƙasar Aljeriya, arewa da Arlit, tun 1905. Bai tara mabiya ba. Ranakunsa ya raba su tsakanin addu'a da karɓar baƙi da zama gaban takarda. Ya yi shekaru fiye da goma yana sauraron Abzinawan Ahaggar, yana rubuta kalmominsu da waƙoƙinsu. Ƙamus ɗinsa na harshensu zuwa Faransanci ya fito cikakke a littafi 4, a 1951 da 1952. Amma fa tsohon hafsan soja ne, kuma bai yanke hulɗa da sojojin mulkin mallaka ba. An kashe shi ran 1 ga Disamba 1916, a watan da Kawsan ya kewaye barikin Faransawa na Agadas. Fafaroma Francis ya sa shi cikin waliyyan Katolika a 2022. Masana harshe kuwa, Musulmi da Kirista, har yanzu suna buɗe ƙamus ɗin.

Na biyu shi ne Jean Ploussard, wanda aka haifa a 1928. A farkon shekarun 1960 ya zauna Cirozerin cikin makiyaya, tun ba a soma haƙar gawayi ba, ya sa tufafinsu, ya buɗe wa ƴaƴansu makaranta. Ajali ya riske shi a 1962. Tun yana saurayi yake riƙe da littafin da yake rubuta abin da ke ransa. Bayan rasuwarsa aka tattara rubutun, aka buga shi a Faris a 1964 da sunan "Carnet de route", wato littafin tafiya. A ciki bai ɓoye gajiyarsa da kokantonsa da rauninsa ba, dalili ke nan da masu karatu suka yarda da shi.

Ga alama rubutu ya yi musu amfani iri biyu. Mai rubuta maganar mutane tilas ya yi shiru ya saurare su, ya sake tambaya in bai gane ba. Wannan kuwa shi ne farkon aikin kowane mai kiwon jama'a. Mai rubuta abin da ke zuciyarsa kuma yana yi wa kansa hisabi tun wani bai yi masa ba.

Cominak ta rufe raminta ran 31 ga Maris 2021, ma'aikata da dama suka watse. Tsofaffinsu sun san yadda aka gina Akokan, sun san zafin aikin ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka, ya ku waɗanda suka ci nasarar yaƙi da jahilci, littafi da alƙalami ba su da tsada. Ku zauna da dattawan nan, ku rubuta abin da suka gani da Hausa ko Tamajak, tun suna da rai.