Sayen Kayan Babur: A Kanti Ko Ta Waya?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Anka ta ratsa Daki Takwas zuwa Gummi, ko ya shiga ƙauyukan Bukkuyum, ya san babur ya gaji doki a ƙasar nan. Malamin makaranta da shi yake zuwa aji, akawun ƙaramar hukuma da shi yake kai takarda, mai jinya da shi ake kai shi asibiti. To, babur yana da kayansa: hular kwano, da safar hannu, da rigar ruwa, da taya, da fulogi, da sauransu. Tambayar da ke gabanmu ita ce, ina ya kamata a saye su, a kanti ko ta intanet?

Sayen kaya daga nesa ba baƙon abu ba ne gare mu. A zamanin En'e malamai sukan duba littafin talla na kantunan Ingila, su aika da oda ta gidan waya, su zauna jiran takalma wata da watanni. Abin da ya sake shi ne sauri. Tun 2012, da aka kafa Jumia da Konga a Ikko, mutum yana iya zaɓen kaya a cikin wayarsa. Wadansu 'yan kasuwa kuma a Facebook da WhatsApp suke baje kolinsu.

Ba mu musun amfanin wannan hanya. Kantin gari ƙarami ne, abin da mai shi ya saro daga Gusau ko Kano ko Sakkwato shi kaɗai za ka samu. A waya kuwa kana ganin iri-iri, ka gwada kuɗin wannan da na wancan, ba ka biya kuɗin mota ba, ba ka kuma sa kanka a hatsarin hanya ba. Abin da ke da lamba, kamar fulogi ko tayar Boxer, in ka san lambarsa daidai, kana iya yin odarsa.

Amma fa hular kwano dabam take. Aikinta biyu ne: ƙoƙon waje ya baza ƙarfin bugu, farin soso mai tauri na ciki ya murƙushe ya shanye shi, don kada ya kai ga ƙwaƙwalwa. In hula ta yi wa kai yawa, sai ta tuɓe kafin mutum ya kai ƙasa. In ta matse, sai ya gaji ya rataye ta a kan babur. Hoto ba ya nuna wannan. Tilas ne ka sa ta, ka ɗaure maɗaurin haɓa, ka girgiza kai ka ji ko tana rawa, sa'an nan ka latsa cikinta da yatsa. Wadansu huluna roba ce kawai, irin ta masu aikin gini, ba a yi su don faɗuwa daga babur ba. Gani ya kori ji.

Kada mu manta da abin da ya auku a Janairu 2009, sa'ad da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta sa hular kwano. Har an ga masu kifa ƙwarya a ka don su tsira daga kamu. Ƙwarya ta ruɗi ma'aikaci, watakila, amma ba ta ruɗi kwalta. Hular jabu mai kyan hoto ƙwarya ce da aka shafa wa fenti.

Akwai kuma zancen isowar kaya. Sau da yawa sai sun sauka a babban gari tukuna a ba direba ya ƙaraso da su. In ba su yi ba, wa za ka kama? Mai kanti ka san ƙofarsa, ka san mai unguwarsa, gobe ma yana nan. Har ila yau mun tuna Satumba 2021, da aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda 'yan bindiga: wanda cinikinsa ya rataya ga waya kaɗai ya zauna hannu rabbana har makonni.

Shawararmu ga malamai ita ce a raba kayan gida biyu. Abin da za ka sa a jikinka, saye shi inda hannunka zai taɓa shi. Abin da ke da lamba, tambayi bakanike tukuna, sa'an nan ka yi oda. In babu makawa sai ka yi odar hula, auna kanka da tef ɗin tela daga saman gira, ka nemi alamar awo irin ECE ko DOT, ka kuma yi sharaɗin biya bayan kaya sun iso. Ba a cinikin biri a sama. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi kuwa ta gama aikinta, ko da ba ta tsage ba, kada a saye ta a hannun kowa.

Jama'a suna koyi da malamai. In almajirai suka ga malaminsu da hula ta gari a ɗaure, darasi ya shiga ba da alli ba. Allah Ya kiyaye mu da hatsarin hanya, amin.